Yadda Za Ka Auna Yabon Da Masana Suka Yi Wa Fim Ɗin Japan Mai Tafiyar Hawainiya

Tun ranar da na yi maganar fim ɗin Drive My Car na darakta Ryusuke Hamaguchi, tambaya iri ɗaya ake ta aiko mini: "Malam, na kunna, na yi rabin awa ban ga abin da ya faru ba, na kashe. Me masana suka gani a ciki har ya ci Oscar?" Wasu kuma ɗalibai ne da masu sha'awar rubuta sharhin fim, suna son sanin ta ina ake farawa idan aka tarar duniya ta riga ta gama yabon abu. Ga yadda nake yi, mataki-mataki. Da wannan fim na 2021 zan yi misali, amma hanyar tana aiki a kan duk wani fim mai irin tafiyarsa. Aikin kwana uku ne, kuma jerin matakan shi ne rabin aikin: kallo, sannan rubutu, sannan karatun abin da wasu suka ce. Wanda ya fara da karatu zai kalli fim ɗin da idon aro.

1. Tanadi lokaci da kayan aiki

Tsawon fim ɗin minti 179 ne, wato awa uku ba minti ɗaya. Ka ware masa zama guda wanda ba salla a tsakiya, ba aike, ba baƙi. Bayan Isha'i ya fi, in dai ba a gajiye ka wuni ba. Idan ka san barci zai sace ka, ka bari sai safiyar ranar hutu.

Kana buƙatar allo mafi girma da za ka iya samu, talabijin ko kwamfuta. Idan waya ce kaɗai gare ka, to iyafis ya zama dole, domin rabin wannan fim a kunne yake: ƙarar injin mota, muryar mace a kaset, da wuraren da sauti ke ɗaukewa gaba ɗaya. Ka cika caji, ka ajiye fawa bank kusa saboda ɗaukewar wuta. Sai littafi da biro.

Kuɗin da za ka kashe biyu ne: na data da na dandalin kallo. A matsakaicin kyawun hoto, awa ɗaya tana cin kusan giga 1, ka ga giga 3 ke nan. A hoto mai kyau sosai tana iya kai giga 3 a awa, kusan giga 9 gaba ɗaya. Ka ƙara giga 1 ko 2 saboda komawa baya a mataki na 8. Dandali irin su MUBI sun fi ajiye irin waɗannan finafinai, amma abin da suke nunawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka tabbatar fim ɗin yana nan kafin ka biya kuɗin wata. Kamfanin Criterion ma ya fitar da shi a faifai a 2022.

Gargaɗi: mintuna 40 na farko suna ɗauke da fitowar mu'amalar aure da kalamai na manya. Ba fim ba ne na falo da yara ko surukai. Wanda bai iya kallon irin wannan ba, ya ɗauki Tokyo Story na Yasujiro Ozu, na 1953, mai minti 136, ya bi matakan nan da shi.

Gargaɗi na biyu: ka duba rubutun fassarar ƙasan allo kafin ka zauna. A fim ɗin ana magana da Japananci, Koriyanci, Sinanci, Tagalog da Turanci, akwai kuma jarumar da ke magana da hannu, da yaren kurame na Koriya. Fassarar da ta tsallake wani daga ciki ta yanke maka fim.

2. Ka san kaɗan, ka bar sauran

Abin da ya kamata ka sani kafin kallo bai wuce wannan ba. An gina fim ɗin a kan gajerun labaran marubuci Haruki Murakami. Hidetoshi Nishijima ne ya fito a matsayin Kafuku, ɗan wasan daɓe kuma darakta, wanda aka gayyata Hiroshima ya shirya wasan Uncle Vanya na Anton Chekhov. Masu gayyatar suka ce dokarsu ba ta yarda ya tuƙa kansa ba, suka haɗa shi da wata matashiyar direba, Misaki, wadda Toko Miura ta fito a matsayinta. Motar jar Saab 900 ce. Idan kana da minti goma, karanta taƙaitaccen labarin Uncle Vanya, zai taimake ka sosai.

Gargaɗi: ka guji bidiyon nan da ke taƙaita fim cikin minti goma, ka kuma guji irin fassarar baki da muka saba ji a finafinan Indiya, inda mai fassara ke cike kowane shiru da barkwancinsa. A fim ɗin faɗa wannan ba ya ɓata komai. A nan kuwa shirun shi ne kayan da aka kawo kasuwa.

3. Kallo na farko, da biro a hannu

Kada ka ƙara gudun bidiyo, kada ka tsallake, kada ka taɓa waya. Na taɓa kallon wani fim na Hamaguchi a gudun ɗaya da rabi saboda ina sauri, na fito da labarin tsaf amma ban ji komai a raina ba, sai da na sake kallonsa daga farko. Daraktan ya auna tsawon kowane shiru kamar yadda tela ke auna yadi, in ka rage ka canza rigar.

Raba shafinka gida uku. A gida na farko ka rubuta mintin da kake. A na biyu ka rubuta abin da ka gani ko ka ji, tsurarsa, ba fassara: mota ta shiga rami, ba wanda ya yi magana, ya koma kujerar gaba. A na uku ka rubuta yadda jikinka ya yi: na gaji, na gyara zama, na ji tsoro, hankalina ya tafi wani wuri.

Gida na ukun nan shi mutane suka fi jin nauyin cikewa, shi ne kuma ya fi amfani. Duk inda gajiya ta kama ka, rubuta mintin, ka ci gaba da kallo, sannan bayan fitowar ta ƙare ka tambayi kanka tambaya ɗaya: me ya canza tsakanin farkonta da ƙarshenta? Wani ya san abin da bai sani ba ɗazu? Wani ya matsa kusa da wani, ko ya ja baya? Idan akwai amsa, jinkirin ya yi aiki. Idan ka duba da kyau ka rasa, ka sa alama, wannan hujja ce a hannunka ko da duk masanan duniya sun yaba.

Abubuwa huɗu nake so ka bi da ido a wannan fim: inda kowa yake zama a cikin mota da lokacin da hakan ya canza, wanda yake kallon wani da wanda yake kawar da kai, lokacin da kiɗan Eiko Ishibashi yake shigowa, wanda ba shi da yawa, da yadda maganganun wasan Chekhov da ke fitowa daga kaset suke faɗa wa halin da Kafuku yake ciki.

Gargaɗi: sunayen 'yan wasa ba sa fitowa a allo sai wajen minti na 40. Mutane da yawa a nan suke rikicewa, wasu su ɗauka faifan ya lalace. Da gangan aka yi. Duk abin da ya gabata shimfiɗa ce. Idan tilas ne ka raba kallon biyu, nan ne wurin tsayawa, amma kada ka kwana a tsakani.

4. Rubuta hukuncinka kafin ka buɗe intanet

A daren, ko da safe kafin ka duba komai, rubuta rabin shafi: me fim ɗin yake magana a kai a ganinka, fitowa biyu da suka tsaya maka a rai, wuri ɗaya da ka ga ya yi yawa, da maki daga cikin 10. Sa kwanan wata. Kada ka gyara wannan takarda daga baya, ita ce ma'auninka.

5. Duba lambobi, ka san abin da suke ƙirgawa

Yanzu ka buɗe Rotten Tomatoes da Metacritic, shafukan intanet biyu masu tattara sharhin masana su fitar da lamba. A na farko za ka ga Drive My Car yana wajen kashi 97 cikin 100, a na biyu yana wajen maki 91. Nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa: mutum ya ɗauka kashi 97 na nufin fim ɗin ya kusa kamala. Ba haka ba ne. Rotten Tomatoes yana raba kowane sharhi gida biyu, ya yaba ko bai yaba ba, sai ya ƙirga masu yabon. Wanda ya ce "ba laifi" da wanda ya ce "ban taɓa ganin irinsa ba" ƙuri'a ɗaya gare su. Lambar tana nuna yawan yarda, ba zurfin so ba. Metacritic kuwa yana ɗaukar makin da kowane mai sharhi ya bayar ya fitar da matsakaici, yana kuma fifita wasu jaridu a kan wasu. Shi ya sa 91 a Metacritic ya fi 97 a Rotten Tomatoes wahalar samu.

Sannan ka duba makin 'yan kallo a IMDb da Letterboxd, da dandalin Filmarks na Japanawa. Za ka ga ya gaza na masana. A irin wannan fim haka ake gani kusan kullum, kuma dalilin a fili yake: mai sharhi aikinsa ke nan, ya saba zaman awa uku a sinima mai duhu, shi kuwa ɗan kallo sau da yawa labarin Oscar ne ya jawo shi, ya kunna a waya yana amsa saƙonni.

Gargaɗi: lambobin nan suna motsi. Duk lambar da za ka ambata, ka rubuta ranar da ka gan ta da yawan sharhin da aka ƙirga.

6. Jera kyaututtuka bisa lokaci, da wanda ya bayar

Ɗauki sabon shafi, ka jera su daga na farko. Ga yadda na wannan fim yake. A Yulin 2021, a bikin finafinai na Cannes a Faransa, Hamaguchi da Takamasa Oe suka ci kyautar rubutun labari, ƙungiyar masu sharhi ta duniya FIPRESCI ma ta ba fim ɗin kyautarta. An sake shi a Japan a Agustan 2021. A Disamba ƙungiyoyin masu sharhi na New York da Los Angeles suka zaɓe shi gwarzon fim na shekara, a Janairun 2022 ƙungiyar masu sharhi ta ƙasar Amurka ta bi sahu. Mujallar Kinema Junpo ta Japan ta sa shi na ɗaya a finafinan gida na 2021. Ya ci Golden Globe da BAFTA a rukunin finafinan da ba na Turanci ba. A ranar 27 ga Maris 2022 ya ci Oscar na fim ɗin ƙasashen waje, bayan ya zama fim ɗin Japan na farko da ya shiga takarar gwarzon fim.

Amfanin jerin ba ado ba ne. Ka rubuta a gefen kowace kyauta su wa suka bayar: alƙalai kaɗan na biki, ko masu sharhi, ko ma'aikatan masana'anta. Za ka ga da kanka cewa masu sharhi ne suka ɗauki wannan fim a kafaɗa tun daga Cannes har suka kai shi ƙofar Oscar. Ka kuma rubuta abin da bai ci ba: babbar kyautar Cannes ta tafi ga Titane, Oscar na gwarzon fim ya tafi ga CODA.

Gargaɗi: kyauta tana da lokacinta. Tokyo Story ya fito a 1953, bai samu yabo a Landan ba sai 1958, bai shiga sinimomin New York sosai ba sai 1972, sannan a 2012 daraktocin duniya suka zaɓe shi na ɗaya a ƙuri'ar mujallar Sight and Sound. Karɓuwar shekarar farko ba ita ce hukuncin ƙarshe ba, ko ta yabo ce ko ta shiru.

7. Zaɓi sharhi biyar, ba hamsin ba

Biyu na masu yabo, biyu na masu suka ko masu ɗari-ɗari, ɗaya daga cikin Japan. Ka yi ƙoƙari ɗaya ya zama an rubuta shi daga Cannes a Yulin 2021, kafin guguwar yabo ta taso, ɗaya kuma bayan Oscar. Bambancin muryar zai koya maka abu mai yawa: na farko yana lalube ne, na biyu sau da yawa yana kare abin da aka riga aka yanke.

Masu suka sun fi wahalar samu. A Metacritic ka gangara ƙasan jeri, a Rotten Tomatoes ka zaɓi rukunin waɗanda ba su yaba ba. Don muryar cikin gida, jaridar The Japan Times tana buga sharhin finafinai da Turanci. Idan ka yi amfani da manhajar fassara a kan rubutun Japananci, ka ɗauki ma'ana kawai, kada ka kwafo jimla ka ce wane ne ya faɗa.

Gargaɗi: kalmomin yabo da ake liƙawa a fosta da tallar fim masu sayarwa ne suka tsinto su. Ka nemo cikakken rubutun.

8. Gwada kowace magana da fitowarta

Wanda bai kalli fim ɗin ba ya tsaya nan, domin zan taɓa cikin labari.

A kowane sharhi ka ja layi ƙarƙashin jimlolin da ke da'awar wani abu, ka bar na ado. "Fim ne mai taɓa zuciya" ado ne. "Motar ce take sa su faɗi abin da ba za su iya faɗa fuska da fuska ba" da'awa ce, ana iya gwada ta. Sai ka koma fim ɗin, ka nemo fitowar, ka sake kallo.

Ɗauki maganar da masu yabo suka fi yi, cewa tsawon fim ɗin shi ne ƙarfinsa. Gwada ta da fitowar da Takatsuki, matashin ɗan wasan da Masaki Okada ya fito a matsayinsa, yake zaune da Kafuku a bayan mota da daddare, yana ƙarasa masa labarin da marigayiya Oto, matar Kafuku, ta fara. Magana ce doguwa, kyamara ta tsaya a fuska. Bayanta Kafuku ya koma kujerar gaba kusa da Misaki, suka kunna taba, suka ɗaga hannuwansu ta tagar rufin mota. Tambayi kanka: da an nuna wannan a minti na 50, zai yi nauyin da ya yi? A ganina a'a. Sai da muka daɗe muna ganinsa a kujerar baya, yana ƙin a taɓa motarsa, kafin matsowar ta zama labari. A nan na ba masu yabo gaskiya.

Ɗauki kuma ƙorafin masu suka, cewa atisayen wasan ya yi yawa, 'yan wasa suna zaune suna karanta rubutu da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Duba takardarka ta mataki na 3, wataƙila nan ka rubuta "na gaji". Amma ka haɗa ta da fitowar lambu, inda jarumai mata biyu suka yi atisaye a waje wani abu ya kama tsakaninsu, da kuma jawabin ƙarshe na Sonya a wasan Uncle Vanya, da aka yi da hannu ba murya. Karatun mai gundura shi ne kuɗin da aka biya don waɗannan. Ko farashin ya yi tsada, kai za ka yanke. Ni na ga ya yi daidai, ko da yake akwai zama ɗaya ko biyu da za a iya ragewa.

Akwai suka ta uku da na ɗauka da muhimmanci: cewa matan fim ɗin an ajiye su ne don warkar da namiji, kuma a Hokkaido, arewacin Japan, kan dusar ƙanƙara inda gidan su Misaki ya rushe, fim ɗin ya faɗi da baki abin da ya kwashe awa biyu da rabi yana faɗa da shiru. Na sake kallon wurin sau uku. Ɓangaren farko ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin Misaki tana da nata nauyin, kuma da ita aka rufe fim. Ɓangare na biyu kuwa akwai ƙanshin gaskiya.

A nan Bahaushe yana da abin da zai ƙara. Kafuku ya dawo gida ba zato, ya tarar da matarsa da wani, ya ja ƙofa a hankali ya fita, bai taɓa ɗaga maganar ba har ta rasu. Mai kallo da yawa abin yana ɗaure masa kai. Mu mun san kawaici, mun san zurfin ciki, mun kuma san inda ɗaya yake ƙarewa ɗaya ya fara cin mai shi. Idan idonka ya ga wannan, rubuta shi. Sai dai kada ka mayar da Bajapane Bahaushe: ka faɗi inda suka yi kama, ka faɗi inda suka rabu, da hujja daga allo.

Gargaɗi: kada ka jingina komai ga "al'adar Japan". Japan ɗin nan ita ke fitar da finafinan dodanni da na takobi masu gudu kamar iska. Jinkirin zaɓin Hamaguchi ne, mutumin da ya yi Happy Hour mai minti 317 a 2015.

9. Rubuta naka

Ɗauko takardar mataki na 4, ka ajiye ta gefen abin da ka tara. Fara da abin da ka gani, da fitowa ɗaya takamaimai. Ba da labarin a jimla uku, ba tare da tona ƙarshe ba, in kuma za ka tona ka sanar tun da wuri. Taƙaita karɓuwar fim ɗin a sakin layi ɗaya: lambobi da ranar da ka gan su, manyan kyaututtuka da masu bayarwa. Sannan ka kawo magana ɗaya ta masu yabo da ɗaya ta masu suka, kowacce da sunan mai ita da jaridarsa, ka nuna fitowar da ka gwada ta da ita da abin da ka samu. Idan makinka ya tashi daga 6 zuwa 8, ko ya sauka, ka faɗi wace fitowa ce ta jawo hakan, ba wace kyauta ba.

Kura-kurai uku nake yawan gani a nan: rubuta "masana sun ce" ba suna, fassara jimlar wani a shigar da ita kamar taka, da cika shafi da jerin kyaututtuka har ra'ayin marubuci ya ɓace. Kalmomi 700 zuwa 900 sun isa. A layin ƙarshe ka gaya wa mai karatu tsawon fim ɗin, da wa zai iya kallonsa, da kuma cewa sunaye ba sa fitowa sai minti na 40.